Tarwaɗar Kaka

Har yanzu in na ji ruwa ya motsa a randa sai gabana ya faɗi.

Na zo hutu Ɗanzomo daga makarantar sakandare, shekarar da amai da gudawa ya shigo ƙasar Gumel. Sai aka yi shela duba-gari za su bi gida-gida su zuba magani a rijiyoyi. Mu kuwa rijiyarmu akwai tarwaɗa a ciki, kakata ce ta saka ta tun kafin a haife ni, wai tana cinye tsutsa. Ni da bakina na ce maganin zai kashe ta.

"To 'yar boko, tunda kin sani, ke za ki cece ta," in ji Kaka.

Da kwando da igiya muka yi ta fama har muka fito da ita. Baƙa ƙirin, ga gashin baki, tsawonta ya kai hannuna. Muna jin sallama Kaka ta jefa ta cikin randa, ta ɗora faifai, ta zaunar da ni a kai.

Duba-garin ya zuba maganinsa a rijiya, ya juyo.

"'Yammata, tashi in duba randa."

"Ƙafarta ke ciwo," in ji Kaka.

"Iya, ba ƙafar zan duba ba."

Tarwaɗar ta daki faifan daga ƙasa. Na ji dukan har tsakar kaina. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin zaure ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ɗaga faifan ya leƙa, ta watsa masa ruwa a fuska, kakinsa ya jiƙe har aljihu.

A raina na riga na ga babana a gaban alƙali. Duba-garin kuwa ya tsaya yana share ido da hularsa.

"Iya, wannan ai ta girme ni."

"Ta girmi ubanka ma. Kashe ta za ka yi?"

Ya ce ba a aiko shi kashe kowa ba. Amma kada a mayar da ita sai warin magani ya bar rijiya, randar kuma a zubar a wanke, a sama wa baƙuwa wani masauki.

Kaka ta duba gidan kaf, ba ta ga abin da ya dace da mutuncinta ba sai bahon wankana na makaranta. A ɗakina aka ajiye shi, don kada kyanwa ta cinye ta. Haka na ƙarasa hutun, ina karatu tana kallona, in na juya shafi ita ma ta juya.