Ranar da Aka Kashe Taken Guduma

Daga gida zuwa Wamakko

Mun bar gida tun kafin kiran assalatu, ni da wana Mamman, wanda a zamaninsa ake kira Guduma. A shekarar ne Nasara suka sa ana share hanyar mota zuwa Sakkwato. Yaya yana kan jaki, ni ina biye a ƙasa, don ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ɗaya kuma ya mutu tun wani naushi da ya sha da ƙuruciya. Mu rundawa ne, wato mahauta, dambe kuwa gadonmu ne.

Abu ɗaya ya fito da mu. Kowane babban ɗan dambe yana da takensa, kiɗan kalangu da ake yi masa shi kaɗai, wanda da ya ji sai tsuma ta kama shi ya fito fage. Yaya ya ji za a yi babban dambe a birni bayan kaka, ya ce yana so ya sake jin takensa sau ɗaya kafin kunne ya bi ido. Na ba shi haƙuri har na gaji. Da na ga ya sa tsohon zarensa na ɗaurin hannu a aljihu, sai na ɗora wa jaki akumari.

Da hantsi muka isa Wamakko, muka sha fura a bakin kasuwa. Gaba kaɗan wani dogari mai tsaron masu aikin hanya ya tare mu, ya ce jakin zai yi ɗibar ƙasa. Yaya ya gyara zama ya ce masa shi ne Guduma. Dogarin ya tambaya wane Guduma. Sai da ya dubi ƙafafun sannan ya bar mu muka wuce. Muka ci gaba da tafiya har muka hango ganuwa.

Sakkwato

Mun shiga birni da azahar, muka yi ziyara a Hubbare, sannan muka sauka a Ƙofar Kware, gidan Arzika, tsohon abokin karawar Yaya. Yatsun hannunsa na dama sun ƙage, ko wuƙa ba ya iya riƙewa yanzu.

Da ganinmu ya ce, "Guduma, ashe ba ka mutu ba?"

Yaya ya ce, "Kai nike jira ka riga ni, awa yadda ka saba riga ni ƙasa."

Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe su. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar sure. Muna ci Arzika ya gaya mana Garba, makaɗin da ya yi wa Yaya take, ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da kalangu. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai ya fasa, ya tura loma.

Fagen dambe

Bayan la'asar muka fita bayan ganuwa, inda jama'a suka yi da'ira. An shimfiɗa wa tsofaffin 'yan dambe tabarma guda. Na san sunayensu tun ina yaro. Ga wanda kansa ke rawa ba tsayawa, ga wanda ya kurumce, ga wani da ya yi ta tambayar Yaya daga ina yake bayan an gaya masa. Samari masu tashe suna wucewa ta gabansu, ƙirji a waje, ba wanda ya waiwayo.

An yi karawa uku, rana ta yi ja, sai kalangu ya sauya murya. Ban taɓa mance shi ba, taken Guduma ne. Kafin in juya Yaya ya yar da riga, jikinsa na ɓari, ya shiga fage yana jan ƙafa, hannu a sama. Daga wancan gefen kuma wani saurayi mai suna Sanda ya fito da irin wannan tsuma. Mutane suka fashe da dariya. Ni kuwa na san a al'ada mutum biyu suka ɗaga hannu a fage an haɗa su ke nan. Na ruga na riƙe Yaya.

Ɗan Garba ya zo yana rantsuwa, ya ce ya ji Guduma ya daɗe da rasuwa, take kuwa ba a barinsa kwance, shi ya sa ya ba Sanda. Abin da Arzika ya haɗiye ke nan. Sanda ya durƙusa ya ce, "Baba, ban san da mai shi ba."

Yaya ya laluba hannun saurayin, ya ce ɗaurin ya yi sako-sako. Ya kwance shi, ya fito da nasa zaren, ya naɗa masa a hankali har wuyan hannu. Sannan ya ce, "Wanga take ba a taɓa kashe shi ba cikin Sakkwato. Tahi."

Aka haɗa Sanda da wani Bakabe dogo. A dambe, wanda jikinsa ya taɓa ƙasa an kashe shi. Turmin farko, wato zagayen farko, suka tashi ba kisa. A na biyu Bakaben ya sami Sanda a muƙamuƙi, gwiwarsa ta kai ƙasa. Yaya ba ya gani daga nesa, amma bai tambaye ni wa ya faɗi ba. Kalangu ne ya tsaya a tsakiyar take. Yaya ya nemi rigarsa, na sa masa.

Komawa

Da asuba Sanda ya zo gidan Arzika, baki a kumbure, ya kawo zaren. Yaya ya ƙi karɓa, ya ce ba shi da sauran hannun da zai ɗaura wa. Arzika ya raka mu har ƙofar gari, wannan karo ba tsokana. A Wamakko dogarin jiya ya ɗaga mana hannu, ya tambaya ko an ga dambe. Ni na amsa.

Mun iso gida bayan azahar. Matar Yaya ta kawo ruwa, ta tambaye shi ko ya ji abin da ya je ji.

Ya ce, "Na jiya. Kuma an kashe ni."

Bai ga damina ba. Ina gode wa Arzika da ya sauke mu, da Sanda da ya durƙusa a gaban jama'a, da Allah da ya maido mu gida. Har yau in na ji kalangu a bakin mahauta, nakan tsaya in saurara, amma ban ƙara jin an kaɗa wannan take ba.