Ƙwan Zabi a Gurbin Faifai na Huɗu

Jama'a, yau na ga abin da ba a koyar da shi a makarantar injiniyoyi!

Babbar kwamfutar ofishinmu na Gumel, mai riƙe da bayanan rigakafin shanu daga Maigatari har Gagarawa, ta cika maƙil. Faifai uku na adana bayanai ne jere a cikinta, saura gurbi ɗaya. Injiniya Bulus ya taso daga Kano da na huɗu. Yana buɗe ƙofarta ya ja da baya!

Ƙwan zabi guda biyar, kwance a kan auduga!

Baba Ɗanjuma maigadi ya durƙusa. "Yallaɓai, nawa ne. Duk garin nan ita kaɗai ce ɗuminta ba ya yankewa, ko an ɗauke wuta akwai janareto. Saura kwana biyu su ƙyanƙyashe."

Bulus ya ce, "Baba, in ban sa faifan nan yau ba, gobe ko saniya ɗaya ba za ta shiga ba."

Sai muka ji ƙwas! Ɗan baki ya leƙo daga ƙwai ɗaya.

Bulus ya daɗe yana kallo. Ya mayar da faifan cikin jaka, ya ce mini, "Malam, ku rubuta shanun a takarda. Ina masaukin baƙi?"