Ranar da Muka Kai Tulun Gwamnati Tiga

A shekarar da kuɗin mai ya rikita Kano na yi aure. Duk wanda ka gani da sabon abu a hannunsa: wannan babur, wancan rediyo mai kaset. Maƙwabciyarmu ta sayi firij tun ba a jawo mata wuta ba, ta riƙa adana zannuwanta a ciki. Mu kuwa ciki da falo muke haya a Fagge. Ina koyarwa a firamare, maigidana kuma ma'aikaci ne a ofishin duba yanayi, aikin da dangina suka kasa ganewa. Kawuna, babban malami ne, ya taɓa dubansa ya ce, "Wato zama kake ka kalli sama, wata ya ƙare a ba ka albashi?"

Babbar ƙawata a lokacin 'yar ƙabilar Ibo ce mai sayar da atamfa a Kasuwar Sabon Gari. A Kano aka haife ta, yaƙi ya kore su, da ya ƙare suka dawo, Hausarta kuwa har ta fi tawa gishiri. Madam nake ce mata, ita kuma Amarya take ce mini, ba ta canja ba har na yi jikoki. Mijinta mai walda ne, kowa Oga yake kiransa, shagonsa na bayan gidansu.

Wata rana da damina Malam, maigidana, ya dawo daga aiki ya ƙi zama, ya ƙi taɓa abinci. "Sa mayafinki," ya ce, "an kawo shi." Ban san wa aka kawo ba. Ya goya ni a babur, muka ratsa cunkoson shataletalen Bata, muka tarar da taro a ƙofar shagon Oga kamar ana rabon zakka.

Abin yana kwance a gefe guda. Ƙaton ƙarfe ne mai ciki kamar randa, fentinsa ruwan ɗorawa, tsawonsa ya fi na mutum. A kansa akwai sanda da ta karye ta langaɓe, ga guntun sarƙa yana reto a gindinsa. Wani ya ce bam ne da ya rage tun lokacin yaƙi, sai taron ya ja baya. Wani ya ce a'a, ɓangaren kumbon da Turawa suka je wata da shi ne, sai taron ya dawo. Madam ta fito da ludayi a hannu, ta zagaya shi ta ce, "Wannan ai tulun gwamnati ne." Sunan da ya bi shi ke nan.

Malam ya yi mini bayani. Daga Tafkin Chadi aka ɗauko shi. A tsakiyar ruwa ake ɗaure shi, yana yawo a sama, yana auna ƙarfin iska da motsin ruwa, wata allura a cikinsa tana zanawa a takarda, lokaci-lokaci a je da jirgi a duba. Da a ƙasar waje za a yi odar kayan gyaransa, to amma jiragen siminti sun toshe tashar Legas, shi ya sa aka ce a nemi mai walda.

Na shafa gefensa inda ya lotsa kamar gwangwanin madarar da aka taka. Ƙarfen ya fi yatsana kauri.

"Wace mota ce ta buge shi?"

"Ruwa ne," in ji Malam.

Na yi dariya. Ni ruwan da na sani na famfo ne, sai na kududdufin bayan makarantarmu, sai ƙoramar Jakara idan ta cika. Ya ce tafki ba shi da bango, ba shi da bishiya, iska takan taho daga nesa ba abin da zai tare ta, tana tura ruwa a gabanta har ya miƙe tsaye. Ya ce a cikin ciyawa masunta suka tsinci tulun, nesa ƙwarai da inda aka ɗaure shi. Na ce masa to, don kawai a zauna lafiya.

Oga ya duƙufa a kansa har ya miƙar da sandar, ya liƙe tsagar, ya sa sabuwar sarƙa. Malam ya mayar da wasu ƙananan kofuna masu juyawa a ƙolin sandar. Daga nan aka ce kafin a mayar da shi Chadi sai an gwada shi a dam ɗin Tiga, wanda bai daɗe da cika ba. Madam na jin haka ta ce da mu za a je.

"Aikin gwamnati ne fa, Madam," in ji Malam.

"Mijina ya ɗinke shi, ni kuma na ciyar da mijin. Amarya, ki tanadi leshinki."

Kai, mun yi kwalliya ranar! Na sa leshin da ban taɓa ɗaurawa ba, da takalman nan masu tudu da ake yayi. Madam ta kafa gwaggwaro wanda sai da ta sunkuya kafin ta shiga gaban babbar motar. Mun yi dafa-duka tukunya guda, mun soya zabbi, mun sayo lemon kwalba a kasuwar Singa. Mu biyu muna gaba tare da direba, mazajenmu suna baya rungume da tulu. Duk garin da muka wuce mutane su bar abin da suke yi su bi mu da kallo, Madam tana ɗaga musu hannu kamar matar gwamna.

Da muka haura wani tudu sai ga dam ɗin a gabanmu. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, yana ƙyalli, shiru. Madam, wadda ta sha ƙetare kogin Kwara a Anacha, ita ma sai da ta ce, "Kogi dai ana hango bakinsa na can."

Masunta suka taimaka aka gangara da tulun. Yana taɓa ruwa ya miƙe zaune daram, duk muka yi tafi. Aka ɗaura shi a bayan wani jirgi mai inji, aka loda dunƙulen kankare da zai riƙe shi a ƙasa. An so mu jira a gaɓa, muka ƙi. Muka shiga da tukunyarmu, wai a tsakiyar ruwa za mu ci. Jirgin na motsawa na damƙe hannun Madam, da na ga bai kife ba sai na sake, har na tsoma yatsuna a ruwa.

Mun yi nisa, motarmu ta koma kamar akwatin ashana, sannan aka jefa kankaren. Sarƙa ta bi shi ƙarara, tulu ya tsaya, kofunan suna juyawa a kasalance. Ina buɗe tukunya ke nan na ga Malam da mai jirgin suna kallon gabas. Hadari ne ya haɗo, baƙi ƙirin, gindinsa ja.

"Mu juya," in ji Malam.

"Yanzu kuwa," in ji mai jirgi.

Amma bakin maigidana har kunne. "Gwajin gaske za a yi masa," yake faɗa wa Oga. "Ko roƙa muka yi sai haka!"

Iska ce ta fara iso mu, mai sanyi, ta mari fuskokinmu. Ruwan nan mai ƙyalli ya koma launin toka, ya tattare, sannan ya fara tashi. Jirgi ya hau sama har na ga sararin samaniya ta gabansa, ya faɗo tim, haƙorana suka haɗu. Kafin na ja numfashi wani tudun ruwan ya sake ɗaga mu, na bayansa kuma ya faɗo mana a cinya. Na kama duk addu'ar da na sani, Madam ta kama tata da Ibo, muka ƙanƙame juna, kowa na kiran Ubangiji da ƙarfi kamar muna gasa.

Sai iska ta tsinke gwaggwaron Madam. Bai faɗa ruwa ba, sama ya yi, ya warware, ya tafi yana kaɗawa kamar shirwa. Ta yanke addu'a a tsakiya ta ƙwala ihu, "Wayyo, yau na fara ɗaura shi!"

Ban san daga inda dariyar ta zo ba. Ta kama ni, ta kama ta, muka kasa tsayawa. Mai jirgi yana daka mana tsawa mu kwashe ruwa, ba kwano, ba gwangwani. Madam ta ɗaga tukunyar dafa-duka ta juye wa kifayen Tiga, da zabbin da komai, ta shiga kwarfa. Ni na cire takalmi mai tudu ina ɗiba da shi. Oga na kwarfa da hularsa. Malam yana waiwaye yana ihun wani bayani game da iska wanda ba mai jin sa.

Ba mu sauka a gaɓa ba, jefo mu aka yi. Igiyar ruwa ta ƙarshe ta ɗauki jirgin ta dasa shi a cikin laka, muka tuntsuro waje muna rarrafe. Muka ruga rumfar masunta, muna shiga rufin ya tashi ya bar mu. Ruwan sama kuma ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Oga bai ma nemi mafaka ba. Ya tsaya a bakin ruwa ya kare idonsa da hannu. Can nesa tulun, kamar ɗan ɗigo mai launin ruwan ɗorawa, ya hau ƙolin wani tudun ruwa, ya kwanta, ya ɓace. Muka ƙura ido. Sai ga shi ya ɓullo, sandarsa a miƙe.

"Waldata!" Oga ya daka tsalle. "Kun gani? Waldata ce!"

Direba da ke cikin mota ya danna hon. Daga nan abin ya zama wasa. Tulu ya nutse, mu riƙe numfashi; ya ɓullo, mu kece da ihu, direba ya danna hon, masunta su buga bokiti. Na yi guɗa, ni da ban taɓa yi ba ko a biki. Madam da Oga suka kama rawa a cikin taɓo. Malam, ɗan malamai, mai natsuwa, na gan shi yana tsalle da ƙafa ɗaya, ɗayan takalminsa laka ta cinye.

Muna cikin haka ruwa ya fizgi wani kwalekwale daga inda aka ɗaure shi kusa da mu, ya ɗaga shi ya maka da dutse. Ƙara ɗaya ya yi ya rabe biyu. Mai shi, wani dattijo, yana tsaye a gefena. Ya bi katakon da ido kawai. Ni kuwa na zauna a ƙasa. Dattijon ne ma ya dube ni ya ce, "Sannu, 'yata. Ai tunda ba kowa a ciki, an gode Allah."

Kamar yadda ya zo haka ya wuce. Rana ta fito, ruwan ya kwanta yana huci. Mazan suka taya dattijon janyo ɓangarorin kwalekwalensa, sannan suka ciro jirgi daga laka suka koma duba tulu. Wannan karon ba wanda ya roƙe mu mu jira. Suka dawo suna magana duk a lokaci guda: ko ɗigo bai shiga cikinsa ba, allurar kuma ta yi ta hawa har ta kusa fita daga bakin takardar.

Da la'asar sakaliya muka shigo Kano, muna karkarwa, cikinmu ba komai sai lemon kwalba. Abin mamaki, ƙasa a bushe ƙamas. Ko yayyafi ba a yi ba. Mutanen layinmu na zaune a kan tabarmi suna fifita saboda zafi, sai ga mu mun diro daga babbar mota, ba takalmi, laka har gira, leshina ya manne a jikina. Surukata, wadda ta zo ganinmu ta tarar da ƙofa a kulle, ta miƙe tana salati.

"Me ya same ku?"

"Ruwa ne, Inna," na ce.

Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta dube ni. Madam ta leƙo ta tagar mota, kanta ba ɗankwali, muka haɗa ido, shi ke nan dariya ta dawo sabuwa. Sai da Inna ta kama hannuna ta ja ni cikin gida tana faɗa, ta ɗora mini ruwan zafi da kanta.