Yadda Sai An Tura Ta Zama Zabuwa

Cikin duk ranakun da na yi ina rubutu da zane a jikin motoci a Birnin Kudu, wadda ba ta fita raina ita ce ranar da Malam Sale direba ya zo rumfata riƙe da waya, ya ce in raɗa wa motarsa sunan motar da ba a ma gama ƙerawa ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku ajiye burushi ku saurara.

Malam Sale mutumin Sundimina ne, yana jigilar fasinja tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Motarsa ta taɓa yin ciwon tashi, kullum sai an taru an tura ta, sai 'yan kamasho, masu kiran fasinja da yin lodi a tasha, suka sa mata Sai An Tura. Bayan sallar layya ta waccan shekarar ya sauke injin, aka yi masa aiki na gaske, mota ta koma tashi da murɗa makulli ɗaya. Amma suna ya riga ya zauna daram. A tasha layi ake bi, in layinka ya zo dole a yi maka lodi, sai dai ba a tilasta wa fasinja shiga. Mutane su ji an ce Sai An Tura ce a kan layi, sai su koma inuwa su jira ta baya. Har ya fara maganar barin tuƙi ya koma gona, shi da tuƙin ya zame masa jini da tsoka.

A lokacin kuwa babu hirar da ake yi a tasha sai ta wata motar tsere da wani kamfanin Turai zai fitar, irin masu kwanciya a ƙasa ɗin nan, masu kujera biyu. Hotonta ya cika wayoyi, jikinta duk ɗigo-ɗigo da murɗe-murɗen baƙi da fari. Ba wanda ya san sunanta. Wasu suka ce sunan wata guguwa za a ba ta, wasu suka rantse sunan wani bijimi ne, wasu suka ce lamba kawai za a sa. Mutanen da ko taya ɗaya ba za su iya saya ba, amma musu har jijiyar wuya.

Malam Sale ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam Habu, na bijimin nan za ka rubuta mini a gilashin baya. Kafin ta fito, tawa ta riga ta."

Na ce, "In ta fito da wani sunan fa? Ka ƙara wa 'yan kamasho abin dariya ke nan."

Ya ce, "To ya zan yi? Wallahi na gaji. Ko 'ya'yana a makaranta 'ya'yan Sai An Tura ake ce musu."

Maganar nan ta sosa mini rai ƙwarai. Amma ni ina da ƙa'ida, kuma ba na karya ta don tausayi: ba na rubuta wa motar haya sunan da ɗan kamasho ba zai iya ƙwala shi a numfashi ɗaya ba. Na aika aka kira Baba Ɗanjuma, dattijon 'yan kamasho, wanda shi ne ma ya fara furta Sai An Tura. Na karanta masa sunan bijimin, na ce ya kira lodi da shi. Ya gyara murya, ya ɗauko, harshe ya harɗe a tsakiya. Ya sake, abin ya fito kamar yana kiran mai tsire. Ya tsaya ya ƙura wa hoton ido, ya yi tsaki ya ce, "Duk wannan wahala a kan me? Wannan ai zabuwa ce aka sa wa taya."

Ina jin haka na sallame shi. Da ya tafi na ce wa Malam Sale, "Bar mini motar. Ba zan rubuta ko harafi ɗaya ba, zane kawai zan yi."

Ya ce, "Babu suna?"

Na ce, "Suna zai zo da ƙafarsa. In bai zo ba, ka daina gaishe ni."

Na fara zuwa wurin shugaban tasha, domin motar haya tana da launin da aka san ta da shi, ba a sauya shi da ka. Ya ce in dai ban taɓa lambar ƙungiya da ke ƙofa ba, in yi daga ƙasan tagogi zuwa ƙasa. Na wanke jikin, na goge da takarda mai ƙaiƙayi, na shimfiɗa baƙi, da ya bushe na bi shi da farin ɗigo, ina kallon hoton ina kwaikwaya. Gilashin baya na bar shi fayau.

Ranar kasuwa Malam Sale ya shigo tasha da ita, ni ma na je na raɓe wurin mai shayi. Baba Ɗanjuma na hango ta ya kwashe da dariya ya ƙwala, "Zabuwa ta sauka! Gwaram, Gwaram, Zabuwa!" Sauran suka amshe. Shi a ransa tsokana yake yi, bai san aikina yake ƙarasa mini ba. Wata Inna da ke zaune a kan buhunta ta miƙe ta ce wa Malam Sale, "Ɗan nan, gara da ka zo. Ni in dai waccan Sai An Tura ce, gara in kwana a nan." Ya karɓi buhun ya sa a but ɗin motar, na ga yana share ido da hannun riga.

Da aka shiga damina kamfanin ya fito da motar. Ashe ɗigon nan da muka yi ta yabawa, har ni, ba fenti ba ne, leda ce suke liƙawa don ɓad da kama lokacin gwaji. Mota ta fito ja wur, da sunan da ba guguwa ba, ba bijimi ba, ba lamba ba. A tasha kuwa aka yanke hukunci cewa sun ɓata ta, ta Malam Sale ta fi kyau.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, mu masu burushi ba ma raɗa suna, bakin tasha ne ke raɗawa, mu namu mu san yadda za mu sa shi ya furta. Malam Sale yana kan hanyar Gwaram har yau. Ya dawo daga baya ya ce in rubuta Zabuwa a gilashin, na ce masa ya bar shi haka, ai kowa ya iya karanta ɗigon.