Kwamfuta a Haɗeja, Murya a Kirikasamma

Malam Sa'idu mutumin Auyo ne, ɗan masunci, amma a Haɗeja da aikin awon ruwa aka san shi. Da ya gama jami'a a Kano ya dawo gida, aka ba shi duba sandunan awo da ke kafe a bakin kogi. Shi zai karanta inda ruwa ya kai ya sanar da ofis, ofis ya gaya wa manoman fadama ko su kwashe shinkafa ko su saurara. Aikin ya bar masa hali: ba ya cewa ruwa ya yi yawa, sai dai ya faɗi inda ya tsaya. Har ya yi ritaya ba a taɓa jin ya ɗaga murya a unguwar Matsaro ba.

Ɗansa Abdulmannan ya tashi da son rediyo. Tallan taki da sanarwar ɗaurin aure yake haɗawa a kwamfuta yana kai wa gidajen rediyo, da su yake ci da iyali. Amma aikin da ya fi so shi ne bin ƙauyuka da rikoda, yana tambayar tsofaffin masunta sunayen kifayen da suka yi ƙaranci tun da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Bai gama ba zazzaɓi ya kwantar da shi da damina, bai tashi ba. Ya bar matarsa Halimatus Sa'adiya da jaririya Uwa, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa Barira.

Bayan Halimatu ta fita takaba aka kira malamin da ke rabon gado. Aka baje kaya a tabarma, kowane abu aka ɗaga shi shi kaɗai aka yi masa ƙima. Kwamfuta ta faɗo a kason Malam Sa'idu. Akwai wani ɗan baƙin akwati mai igiya, bai fi sabulun wanka girma ba. Wani ya ce caja ce, ba wanda ya musa, aka tura shi kason matar. Daga nan ta koma gidan iyayenta a wani ƙauye bayan Kirikasamma.

Kwamfutar ta daɗe a kan kabad. Malam bai taɓa ta ba sai ranar da Barira tana tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, fuskarsa tana nan. Muryar ce ta fara ɓace mini."

Wayar marigayin an goge ta an sayar. Tallan da ya haɗa kuwa duk muryoyin wasu ne. Hirar masunta kaɗai ta rage, domin a can shi yake tambaya.

Malam ya kunna kwamfutar, ya ga fayil mai suna Masunta, ya danna. Manhajar gyaran sauti ta tashi, ta yi jim, sai ta fito da saƙo cewa ba ta ga kayan aikin ba. Ya kashe ya kunna. Ya kwafi fayil ɗin zuwa wani wuri ya sake gwadawa. Ya bi folda-folda yana dubawa, bai goge komai ba, bai sake wa komai suna ba. Saƙon bai canza ba. Washegari da la'asar ya ɗauki kwamfutar ya shiga gidan maƙwabcinsa Ayuba, malamin sakandare ɗan Kagoro, wanda ke kula da lasifikar cocinsu, abokin marigayin kuma.

"Baba, me kuka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba sai abin da ta ce in taɓa."

"Haka kowa yake cewa. Har fastonmu."

Ayuba ya duba nauyin fayil ɗin ya girgiza kai. "Wannan ko hoton fasfo bai kai ba, babu sauti a cikinsa. Umarni ne kawai: yanka nan, haɗa can, rage ƙara a wuri kaza. Sautin kansa yana wata folda mai irin sunansa, kuma sai suna tare yake buɗewa." Ya buɗe cikin fayil ɗin, rubutu ya cika allo, ya bi da yatsa. "Ga shi nan. Ba a cikin kwamfutar yake nemanta ba, a waje ne. Ai yana da wani ɗan baƙin akwatin ajiya da yake jonawa. Ina yake?"

Malam ya tuna da ranar rabon gado. "An ba matarsa. Caja muka ɗauka."

"Caja?" Ayuba ya danne dariya, ganin fuskar dattijon. "To ku yi sauri, Baba. In wani ƙaninta ya kai shi wurin masu tura fim, abin da za su fara yi shi ne su share shi tas."

Barira ta ce abin ai mai sauƙi ne, ya kira yarinyar ta aiko da shi ta hannun direba.

"In na tambaya ba za ta iya hana ni ba," in ji Malam. "Kunya za ta sa ta bayar, ba kuma za ta taɓa cewa a mayar mata ba. Kasonta ne. Abin da aka raba a gaban shaidu ba zan warware shi ta waya ba."

"To ya za ka yi?"

"Ni zan kai mata nawa."

Ya yi wa kwamfutar caji ta cika, ya naɗe ta a leda, ya sa a jaka. Mota ta kai shi Kirikasamma, ɗan acaɓa ya kai shi bakin ruwa, daga nan sai kwale-kwale. Ya rungume jakar a ƙirji, ruwa na ɗan shigowa ta ƙasa yana jiƙa masa takalmi. Tsakanin kacalar an sare wata siririyar hanya, daidai faɗin jirgi. Nan da yana yaro ruwa ne fetal, ana hango waccan gaɓar.

Mahaifin Halimatu ya tarbe shi, aka sake yi wa juna ta'aziyya, aka kawo ruwa da bandar tarwaɗa. Sannan aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfa, aka kira ta. Ta durƙusa daga nesa, Uwa a goye, kanta a ƙasa, ta gaishe shi. Ya yi mata bayani dalla-dalla, ya ƙare da cewa ba karɓa ya zo yi ba, aro yake nema, a nan gabanta.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da akwatin a naɗe cikin ɗankwali.

"Ba caja ba ce, Baba. Na sani tun ranar."

"Me ya hana ki faɗa?"

"A gaban shaidu? Sai a ce ina zaɓen kaya." Ta gyara goyo. "Na so in roƙi Mama ta ara mini kwamfutar, na kasa."

Malam ya dube ta, ya mayar da ido kan igiyar, ya jona. Wata 'yar fitila ta kama a jikin akwatin. Ya danna Masunta. Manhajar ta yi jim kamar kullum, amma saƙon bai fito ba. Layuka suka shimfiɗu a allo, kowanne da zanensa mai tudu da kwari. Ya danna alamar kunnawa.

Muryar wani tsoho ta fito, yana bayanin yadda suke kwanciya a kan gora su bi kifin nan ragon ruwa. Ya yi shiru. Sai ya ci gaba kamar mai amsa tambaya, amma ba a ji tambayar ba. Malam ya matsa gaba, ya koma baya. Ko'ina haka: tsoho, shiru, tsoho.

"Ya cire kansa," ya ce. Ya ɗora hannu a murfin kwamfutar zai rufe.

"Ba ya gogewa, Baba. Rufewa yake yi. Yakan ce labarin nasu ne, ba nasa ba."

Ta matso a durƙushe har bakin tabarmar, kusancin da ba ta taɓa yi da shi ba. Ta nuna wani layi a can ƙasa, launinsa a dushe, ta danna ɗan maɓallin da ke gefensa. Layin ya yi haske.

"To Baba, in kana kan gorar sai ga kada ya taso fa?" in ji muryar Abdulmannan. Tsohon ya ce sai ka gaishe shi. Abdulmannan ya yi dariya, irin wadda yake ja da numfashi a ƙarshenta.

Halimatu ta ja mayafi ta rufe baki. Malam ya bari hirar ta yi nisa, sannan ya tsayar.

"Ina neman izinin in kwafa."

"Haba Baba."

"Naki ne. Sai kin ce."

"A kwafa," ta ce.

Ya ja foldar zuwa cikin kwamfutar kusa da fayil ɗin, yadda Ayuba ya nuna masa. Da ta gama shiga ya zaro wayarsa ya kira gida. Bai yi dogon bayani ba, ya ce wa Barira ta zauna, ya kara wayar a lasifika ya kunna.

Barira ta kasa kunne daga can.

"Malam," ta ce a hankali, "mura yake yi a nan. Ji hancinsa."

Ya sunkuya ya saurara da kyau. Gaskiyarta ce.

"Ruwa ne ya dake shi a hanya, Mama," in ji Halimatu, ta ɗan ɗaga murya don ta ji. "A jiƙe ya dawo ranar, ya ƙi shan magani."