Aron Fuska a Gidan Verlene Tubbs

Verlene Tubbs ta zo Milwaukee daga Arkansas tun tana budurwa, da akwati guda da takalmin da bai san dusar ƙanƙara ba. Ta yi aikin girki a makarantar firamare har gwiwoyinta suka ce sun gaji. A coci ta haɗu da Lemuel, direban bas, mutum mai ƙarancin magana da yawan gyaran abin da bai lalace ba. Su biyu suka sayi gidan jan bulon da ke tsakiyar layinmu, lokacin da fararen fata ke kwashe kaya suna barin unguwar kamar masu gudun annoba. A gidan suka haifi 'ya'ya, suka aurar, a gidan kuma Lemuel ya cika wata safiya yana zaune a kujerarsa.

Tun daga nan take zaune ita kaɗai. Ba ta da hayaniya. Laraba zumuntar mata, Lahadi sujada, sauran ranaku tana gida tana goge hotuna. Bangon falonta ba ka ganin fenti don hotuna: iyaye, kakanni, jikoki da hular gama makaranta, ga Lemuel a tsakiya cikin kakin aikinsa.

Rufin gidan ne ya fara ba ta kunya. Da farko bokiti ɗaya take tarawa, sai ya zama har da tukwane. Mai gyara ya hau ya sauko, ya ce idan rufin nan ya ɗauki dusar ƙanƙarar bana, to a kanta zai sauke ta. Banki ya yarda zai ba ta rance a kan gidan, amma sai an turo mai kimanta gida ya faɗi darajarsa. Mutumin ya zo, ya dubi bangon hotuna, ya dube ta. Bai ko sauka ɗakin ƙasa ba, ya tafi kafin kofin da ta zuba masa ya huce. Da takarda ta iso, kuɗin da ya yanka wa gidan da ƙyar ya wuce rabin abin da aka sayar da irinsa a ƙetaren babban titi. Banki ya ce a kan wannan ba abin da zai iya ba ta.

Ozella Pickens, ƙawarta ta zumunta, mai baki kamar reza, ta karanta takardar ta ajiye.

"Ke ma, Sista, da neman magana. Kin bar mutum ya shigo ya ga fuskarki da ta danginki kaf tun daga Arkansas, kina jiran ya yanka miki kuɗin kirki? Ba ki wanke gidan ba?"

"Na goge ko'ina."

"Ba wankin sabulu nake nufi ba, tsohuwar nan. Nemi wani banki, mu kuma mu nemo Misis Dudek."

Wanke gida ba baƙon abu ba ne a layinmu, ko da yake ba a faɗinsa da ƙarfi. Ana sauke duk abin da zai nuna baƙar fata ce mai gidan, sannan a aro farar fata ta zauna a matsayin mai gida har mai kimantawa ya gama. Farar fatar da muke da ita kuwa ɗaya ce, Irene Dudek, gwauruwa 'yar Katolika da ke gidan da ke kallon na Verlene. Lokacin da 'yan'uwanta suka gudu, ita da mijinta Stanley suka ƙi tashi. Ta yi renon yaran layin, ta yi jinya, ta kwana gidan makoki. Tana da kwali da take ajiyewa don wannan aiki, in ranar ta zo sai ta sauke kayan falonta ta zuba a ciki: hoton aurenta, hoton ɗanta da kayan soja, hoton Maryamu, da wani saƙaƙƙen mayafin kujera. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Takan ce, "Fuskar nan ta tsufa ba ta da amfani, gara ku more ta."

Sai dai a 'yan watannin nan an gan ta tana sharar ƙofa da rigar barci, an kuma ji ta kira mai kawo wasiƙa da sunan ɗanta. Kowa ya gani, kowa ya kama bakinsa, don ba mu da wata.

Ana gobe mai kimantawa na biyu zai zo, Verlene da Ozella suka shiga aiki. Suka sauke hotuna, suka kwashe hulunan coci, man kitso da mataji, kalandar coci, 'yan mala'ikun tangaran masu baƙar fuska, har da kwalbar yajin da ke kan tebur. Duk inda aka cire hoto sai ya bar shacinsa a bango, fari-fari, kamar tagogin da aka toshe.

"Kada ki soya tarwaɗa yau," in ji Ozella. "Hancinsu ya fi idonsu gani. Kek na tuffa da kirfa za ki gasa."

Verlene ta ɗauko hoton Lemuel da hannu biyu, ta ce masa a hankali, "Na wuni ɗaya ne." Da safe Misis Dudek ta ƙetaro da kwalinta, ta rataye hoton aurenta da Stanley a ƙusar da Lemuel ya bari. Ya rufe shacin daidai, kamar an auna. Gidajen layinmu magini ɗaya ya gina su, tsari ɗaya, shi ya sa tsohuwar ba ta lalube wajen neman makunnin fitila. Hannunta kawai take miƙawa.

"Yau sunanki Misis Tubbs," Verlene ta tuna mata tana ba ta makulli.

"Na sani, Verlene, ai ba yau na fara ba. Je ki, kada ya same ki a nan."

Suka zauna cikin motar Ozella a bakin kwana, inda ake hango gidan. Bayan azahar wani matashi farar fata ya iso da ma'auni da abin ɗaukar hoto. Ƙofa ta buɗe, Misis Dudek ta tarbe shi da fara'a, ƙofa ta rufe.

"Ga ki nan an kore ki daga gidanki, kuma ke kika gasa wa mai korar kek," in ji Ozella. "Lemuel na can yana juyi a kabari."

"Bar shi ya huta. Shi ya ce rufin zai kai mu ƙarshe."

"Ai ya kai shi."

Verlene ta yi ɗan murmushi, amma idonta na kan taga. Wani hannu ya ja labule gefe ya ɗaure shi, ɗaurin da ita ba ta taɓa yi ba. Sai ta ga inuwar tsohuwar tana jan kujerar Lemuel daga kusurwa zuwa gaban taga. Ta waiwaya ta dubi gidan Dudek a ƙetare. Can ma kujera na gaban taga, labule a ɗaure. Gidajen biyu suna kallon juna kamar mutum da madubi. Ta fara karanta Zabura a zuci.

Matashin ya daɗe. Da ya fito yana dariya, riƙe da kek a naɗe cikin takarda, ya shiga motarsa ya rufe. Ozella ta ce ai an gama, ita za ta je ɗauko maganinta kafin a rufe kanti, ta sauke Verlene ta wuce.

Verlene ta hau baranda ta murɗa ƙofa. A kulle. Ta ƙwanƙwasa. Aka buɗe kaɗan, iya tsawon sarƙa, ido ɗaya ya leƙo.

"Wa kike nema?"

"Ni ce, Mis Irene. Ya tafi."

"Maigidan ba ya nan. In kuma maganar gida ce, mun faɗa muku ba ma sayarwa."

"Verlene ce. Maƙwabciyarki."

Idon ya bi ta daga kai har ƙafa, babu alamar sani a cikinsa ko ƙanƙani. Ta bayan kafaɗar tsohuwar Verlene na hango falonta, Stanley Dudek na kallon ta daga bango, ƙamshin kirfa na fitowa ta tsagar ƙofar. Babu abu ɗaya a ciki da zai ba da shaidar ta taɓa kwana a gidan.

"Ni ba ni da komai da ku," in ji tsohuwar. "Amma in ba ki sauka daga barandata ba zan kira 'yan sanda." Ta ɗaga wayar gidan da ke hannunta.

Sai ga ƙarar rufe ƙofar mota. Ashe matashin bai tafi ba, yana zaune a ciki yana cike aikinsa. Ya tako har gindin matakala.

"Misis Tubbs, lafiya dai?"

Su biyu suka juyo tare.

"Wace ce Tubbs?" in ji Misis Dudek.

Matashin ya tsaya, ya dubi wannan, ya dubi waccan. Verlene ta san abin da ke gabanta. In ta ce gidanta ne, gaskiya ta faɗa, amma asiri ya tonu, wannan banki ma ya rufe ƙofa, sanyi kuma na tafe. In ta yi shiru, tsohuwar za ta faɗi sunanta na gaskiya. Ta ji bakinta ya buɗe, da wata murya mai ladabi da ta baro a Arkansas tun tana yarinya.

"Ni ce mai yi mata aiki, ranka ya daɗe. Da yamma takan rikice, har sunanta takan manta."

Fuskar matashin ta saki. "Ayya. Kakata ma haka ta yi. Amma ɗazu garau take, har labarin aurenta ta ba ni." Ya ƙara da cewa, "Kina ƙoƙari da gidan nan. Tsaf yake."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ita ma Misis Dudek sai hankalinta ya kwanta, kamar an ba ta amsar abin da ya shige mata duhu. Ta ajiye wayar, ta gyara tsayuwa.

"To, kin makara. Kuma sau nawa zan faɗa miki ki riƙa bi ta ƙofar baya?"

Tsawon zaman da suka yi suna musayar sukari da gishiri, Verlene ba ta taɓa jin wannan murya daga bakin Irene Dudek ba. Muryar wata ce da ta riga mu gidan gaskiya, wataƙila uwarta, wataƙila kakarta. Matashin na tsaye yana jira ya ga an daidaita. Verlene ta sauka daga baranda, ta bi ta gefen gida, ta wuce furannin da Lemuel ya shuka, ta tsaya a ƙofar kicin. Tsohuwar ta zo ta buɗe mata, ta nuna mata tabarmar goge ƙafa. Ta goge.

Ta dafa shayi a kicin ɗinta, ta kai wa tsohuwar a kujerar Lemuel. Aka ce ya yi zaƙi, ta sake wani. Ta tsaya a bakin ƙofar falo ba ta zauna ba, don ba a ce ta zauna ba, kuma tana tsoron abin da zai tashi in ta zauna. Tsohuwar ta ciro carbinta tana ja, lokaci-lokaci ta ɗaga kai ta ce wa bango, "Stanley, yau ka daɗe."

Gab da faɗuwar rana Ozella ta dawo, ta leƙo, ta ga yadda ake ciki. Ta durƙusa gaban kujera ta ce, "Mis Irene, Mista Stanley na ƙetare yana jiran ki, ya ce ki zo da mayafinki." Suka riƙe ta hagu da dama suka ƙetare titi. Da tsohuwar ta shiga nata falon ta dubi bango, ta ga shacin hotunan da ta cire da safe, sai ta fashe da kuka ta ce an yi mata sata.

Ba su iya mayar mata da hotunan ba. Banki ya ce mai yiwuwa a sake turo wani ya ɗauki hoton ciki ba tare da sanarwa ba. Haka Verlene ta yi makonni tana cin abinci, tana addu'a, tana barci a ƙarƙashin idon dangin Dudek, nata dangin na kife cikin kwali a gidan Ozella. Da takarda ta biyu ta iso, darajar gidan ta kusa ninkawa. Bulo ɗaya ba a ƙara ba.

An yi rufin kafin sanyi. Ɗan Misis Dudek ya zo daga nesa ya kai ta gidan kula da tsofaffi, bai tambayi kwalin hotunanta ba. Ozella ta matsa sai da suka kai takardun biyu ofishin da ke sauraron ƙorafin wariya a harkar gidaje. Wata mata mai kirki ta zauna da Verlene ta rubuta komai, ta ce irin wannan shaida ce suke nema don a hana abin ya ci gaba. Verlene ta faɗa mata duk yadda aka yi, ban da abin da ta ce a baranda. Wannan kam, Ubangiji kaɗai ta kai wa.

Hotunanta sun koma bango, Lemuel ya koma ƙusarsa. Tana nan yadda aka san ta, Laraba zumunta, Lahadi sujada. In ka ba ta labari ta yi dariya, in ka yi rashin lafiya ta kawo maka miya. Sai dai duk wanda ya bi ta layinmu da hunturu zai ga dusar ƙanƙara ta kwanta a matakalar gabanta sumul, ba sawu ko ɗaya. Sawun yana gefen gida, ya zagaya baya. Ozella ta taɓa tambayar ta dalili, Verlene ta ce nan ya fi kusa da kicin.