Kwalabe Bakwai a Ƙarƙashin Gadon Yaya

A da, idan mutum ya kwanta ciwo a Gummi, mai magani ɗaya ne ke shiga ɗakinsa. Tsoho ne da ya san gidanku tun kaka da kakanni. Zai ba ka sassaƙe ya kafa maka sharaɗi: kada ka haɗa da kanwa, kada ka sha na wani sai ka gama nawa. Yanzu kowa likita ne. Mai mota da lasifika ranar kasuwa likita ne, wanda ya zo dubiya ma da kwalbarsa a aljihu.

Na zauna Omdurman shekaru, na yi fatauci a Agadas da Kumasi, bakina ya taɓa Larabci da Fulatanci da Faransanci. Ko'ina ana shan ganye, ban raina shi ba. Amma a wani kantin magani a Omdurman na ga an hana wani dattijo ƙwayar hawan jini sai da ya faɗi kofin zoɓo nawa yake sha a yini. Da idona na gani. Na dawo gida na yi kamar ban gani ba.

Yayata ce ta goye ni bayan Inna ta rasu, har yau da furfurata Auta take kirana. Hawan jini ya kama ta, asibiti suka ɗora ta kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Labari ya bazu, 'yan dubiya suka fara sintiri. A wurinmu ba a zuwa dubiya hannu Rabbana, kuma duk wanda ya kawo maka jiƙo sai ka kurɓa a gabansa. Idan ka ƙi, ka ce masa mugu ke nan. Matar ɗan baffanmu ta ratso daji a babur tun daga Zugu, hanyar da maza ke shakkar bi, don ta kawo mata wata kwalba da ta saya wajen mai lasifika. Wa zai ce mata a'a? Ni kaina na zo daga Anka da jiƙon zogale da tafarnuwa, ina taƙama.

Ranar awo ni na raka ta asibiti. Mun sha rana a layi, jinin ya ɗan hau. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya, ko kai ba ta ɗaga ba: "Inna, kina shan wani abu ban da wannan?"

"A'a, ɗiyata," in ji Yaya, ta taka mini ƙafa.

Na yi shiru. Aka ƙara mata ƙwaya ta biyu.

Da muka fito na ce, "Yaya, don mi kinka ce a'a?"

"Auta, ba ka ji wankin babban bargon da ta yi ma wadda ag gabana ba? So kake ta kira ni jahila gaban yara sa'o'in jikokina? Kai da ka yi yawon duniya, ai sai ka buɗe baki in kana iyawa."

Na yi dariya. Dariyar nan ce ba na yafe wa kaina.

Bayan mako guda, da azahar, ta miƙe daga alwala, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi kan turmi. Ƙashin ƙugu ya karye. A asibiti likita ya ce jinin ya sauka ƙasa ƙwarai, a kawo masa duk abin da take sha. Na koma gida na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadonta: kwalabe bakwai, har da tawa. Ta Zugu an rubuta mata wai tana maganin hawan jini da basir da sikari da shawara, amma ba a rubuta abin da ke ciki ba. Likitan ya juya ta a hannu ya ce, "Baba, zoɓo da tafarnuwa na san suna iya ƙara saukar da jini. Wannan kuwa ko mai sayar da ita ban tabbata ya sani ba. Da an gaya mana, da ba mu ƙara ƙwaya ba."

Ina jin haushin mai lasifika da ya yi gaba zuwa wata kasuwa. Ina jin haushin masu farin kaya da ke tsawata wa tsofaffi har su koya musu ƙarya. Amma wanda ya san gaskiya ya yi shiru don an taka masa ƙafa, shi ya fi ba ni haushi.

Da aka sallamo ta, 'yan dubiya suka dawo, wannan karon da maganin ƙashi. Na ɗauko kujera na zauna a zaure. Matar ɗan baffanmu ta iso da sabuwar kwalba.

"Aje ta nan," na ce. "Sai likita ya gani."

"Alhaji, ashe ba a yarda da mu ba? Ni zan cuci Yaya?"

"Ba ki cuce ta da gangan ba. Ni ma haka. Ga ta can kwance."

Ta juya da kwalbarta, ko ruwa ba ta sha ba. Ba ta sake taka gidan ba, kuma dangi da dama sun ce boko da yawo sun ɓata ni. Su faɗa.

Yanzu babu kwalbar da ke wuce zauren nan sai an kai ta asibiti an tambaya. Yaya kuwa tun daga ranar da ta faɗi a zaune take salla.